Mujallar da Aka Buga a Farantin Inno

Litinin, 16 ga Mayu 1955, bayan la'asar

Yau na tsaya a bakin ƙofar aji har inuwa ta matsa, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Tunda na fara koyarwa ban taɓa jin daɗin raini irin wannan ba. Su tara ne, 'yan shekarar ƙarshe, kowa ya duƙufa a kan nasa, ga azumi a baki, ga zafin Duwala mai danƙo.

Shekara uku ke nan da na ce wa direktan kwalejinmu, Misiye Mukoko, a daina gwada 'yan ajin ƙarshe da shifta da hadda. A bar su su yi mujalla, tun daga neman labari har ɗinki, ni kuma in koma gefe in ga abin da kowa ya iya, in ba shi makinsa bisa ashirin. Malamai sun yi dariya, wai Malam Rabe zai mai da kwaleji gidan jarida. Yanzu kuwa in ɗalibinmu ya je neman aiki a maɗaba'un unguwar Akwa ko ofisoshin bakin teku, makin ajina ake fara dubawa a takardar shaidarsa. Sunan mujallar Bakin Dogo, don layin dogo a bayan tagarmu yake, in jirgi zai wuce sai kowa ya haɗiye maganarsa. Rabinta da Faransanci, rabi da Hausa da sauran harsunan 'yan aji.

Bana Salmanu suka zaɓa edita. Ba ni na sa su ba. Ɗan yayana Bilya ne, Allah ya jiƙansa, a hannuna da na matata Inno ya tashi tun bai iya ɗaura wando ba. Na roƙi direkta ya ba shi maki da kansa kada a ce na yi son kai, ya ce shi bai san kan aikin ba, in yi adalci kawai. To, adalcin shi ne babu kamarsa. Roniyo, injin bugunmu mai juyawa da hannu, ba ta gardama sai ga wanda ba shi ba. Shi ya sa na bar masa makullin ɗakin inji.

Mai bi masa Asta, 'yar Alhaji Wakili mai goro. Sai da na yi sawu uku gidan kafin ya yarda ta shigo kwaleji. Ita ke gyaran kuskure, kuma ba ta kunyar kowa. Ɓoɓɓo ɗan Ngaundere ne, Faransancinsa na ɗingishi, amma hannunsa a zane sai wanda ya gani. Jibirilla kuwa baki ne kawai. Kowa abokinsa ne, shafinsa har yau fari fat. In aka tsaya a yau, bakwai zan ba shi, ita ma don Allah.

Ƙarshen Yuni Pa Dikonge, tsohon mai ɗab'i na unguwar Bali, zai zo kamar kullum ya yi musu tambayoyi ya sa hannu tare da ni.

Alhamis, 19 ga Mayu, kafin buɗe baki

Na karanta labarin Salmanu a kan famfon unguwarmu, yadda mata ke jeruwa tun asuba, ga lambatu ya toshe a gefensu. Ban sa jan alƙalami ko sau ɗaya ba. Na nemi inda zan sa don kada kansa ya kumbura, ban samu ba.

Takarda na raguwa a ɗakin inji, alhali ba mu fara bugu ba.

Da ya miƙo mini dabino na ga hannunsa, duk tawadar roniyo. Na karɓi dabinon.

Talata, 24 ga Mayu, da hantsi

Sallah ta wuce lafiya. An yi idi an watse da wuri, ba a tsaya gaishe-gaishe kamar yadda aka saba ba. Gari ya yi wani iri, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Inno ta yi waina da miyar taushe. Salmanu ya ci a tsaye, ya ce mata, "Inna, ki ajiye mini saura," ya fita da sabuwar rigarsa.

Laraba, 25 ga Mayu, azahar

Ba makaranta yau, tarzoma ta ɓarke a gari. Mun rufe ƙofa.

Alhamis, 26 ga Mayu, bayan magariba

An sa dokar hana fita. Salmanu bai dawo ba. Inno ta zuba kwano uku.

Asabar, 28 ga Mayu, da safe

Wutar da ta tashi a unguwa jiya ba ta iso layinmu ba. Mun yi ta miƙon bokiti hannu da hannu, Bahaushe da Bamileke da Basa, ba mai tambayar wani daga ina ya fito. Har yanzu komai warin hayaƙi yake, har ruwan randa.

Ɗakin da Ɓoɓɓo ke haya ya tafi, da akwatinsa da zane-zanensa. Na taho da shi gida. Na ce ya shiga ɗakin da ke kusa da rijiya, Inno ta ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ɗakin nan da mai shi. Ban ja ba.

Kwano huɗu yau. Uku aka wanke.

Litinin, 30 ga Mayu, bayan isha'i

'Yan sanda sun zo kwaleji da mota, da hantsi. Sun ɗauki roniyo, da tafireta, da duk takardun kakin da ake ɗaura wa injin, waɗanda yara suka yi wata biyu suna bugawa, har da kwandon shara. Misiye Mukoko na tsaye yana ta goge tabarau.

Sun tambayi wanda ke riƙe da makullin ɗakin inji. Na ce ni. Ban yi ƙarya ba, tun ranar Laraba yana aljihuna. A ƙarƙashin butata na tsince shi da asuba.

Sun ce in raka su. Na raka su. Na dawo kafin magariba da ƙafata. Babu abin rubutawa.

Laraba, 1 ga Yuni, da safe

Kunnena na hagu bai ji kiran sallah ba. Inno ta ɗiga mini man zafi.

Juma'a, 3 ga Yuni, bayan masallaci

Direkta ya kira ni ofis jiya, ya rufe taga da kansa. Ba mugun mutum ba ne. Gidan ubansa ya sayar ya gina kwalejin nan, kuma an nuna masa cewa rufe ta bai fi ɗiga tawada a takarda wuya ba. Shawararsa ita ce a manta da mujalla bana. A ba kowa goma bisa ashirin, kowa ya wuce, ba wanda ya yi fice, ba wanda aka tambaya. Sannan 'yan ajin su takwas ne. Ya maimaita: takwas.

Na ce masa goma ga Asta zalunci ne, goma ga Jibirilla kyauta ce, ni kuwa ban iya ko ɗaya ba. In na rubuta goma a gaban sunan kowa, gobe mai maɗaba'a ya ɗauki wanda bai iya komai ba, daga ranar takardarmu ta zama ta ƙunshe ƙosai. Ya ce to da me zan auna su, tunda babu inji, babu shafi ko ɗaya? Na ce ban sani ba tukuna.

Maganar takwas ban amsa ba. Jirgi ya zo wucewa, muka yi shiru, da ya wuce na yi sallama.

Lahadi, 5 ga Yuni, la'asar

Ina zaune a zaure ina jin ruwan sama a kan kwano sai ga su, su bakwai, a jiƙe sharkaf, Ɓoɓɓo na takwas yana ciki dama. Ban kira su ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce: ban kira su ba.

Asta ce ta yi magana. Ta ce sun ji batun goma-goma, ba sa so. Sun yi shawara za su sake mujallar daga abin da ya rage a littattafansu da abin da ke kansu, ko da hannu ne. Ta ce, "Malam, wuri kawai muke roƙo. A kwaleji an hana mu."

Na ce zaure na Inno ne, ni baƙo ne a ciki. Inno daga bayan labule ta ce su cire takalma.

Sannan na kafa musu sharaɗi. Daga yau ni ba malaminsu ba ne, mai jarrabawa ne. Ba zan gyara ko waƙafi ba, ba zan raba gardama ba. Zan zauna a kujerata in kalla. Jibirilla ya ce ko da sun ga za su faɗa rami? Na ce zan rubuta zurfin ramin.

Suka zaɓi Asta edita. Ba wanda ya ambaci wanda ta gada.

Laraba, 8 ga Yuni, bayan azahar

Kwafi da hannu ba zai yi ba, sun gane da kansu. Kwana biyu, mujalla ɗaya da rabi, kowace da irin nata kuskuren.

Sai Ɓoɓɓo ya tuna wani darasi da na yi musu a farkon shekara, na yadda ake bugu kafin zuwan roniyo. A dafa danƙo a zuba a faranti ya daskare, a rubuta shafi da tawada mai kauri a kifa a kai, rubutun ya zauna a jikin danƙon, sai a riƙa shimfiɗa farar takarda ana ɗagawa. A littafi na karanta, ban taɓa gwadawa ba, kuma ranar da na yi darasin na ɗauka barci yake yi.

Ya je wajen mahautan unguwa ya samo ganda da kofato. Tun safe tukunyar Inno ke wuta. Maƙwabta sun aiko tambaya ko wani abu ya mutu a gidanmu.

Alhamis, 9 ga Yuni, da yamma

Bai daskare ba. Kunu ne. Shafin farko ya nutse a ciki kamar ganye a miya. Na san dalili, ko ina zaton na sani, na cije leɓe na ƙirga azarar zaure.

Inno ta ce babban farantinta na aure ne, in ya lalace ta san wanda za ta kama. Ta faɗa tana kallona.

Ta zuba kwano huɗu.

Asabar, 11 ga Yuni, da hantsi

Ya kama! Ɓoɓɓo ya ƙara dafawa har ruwan ya tsane, ya tace da ɗankwali, ya zuba wani mai da ya samo a farmasi don kada ya tsage, ya ɗora farantin a kan rairayin randa ya kwana. Tawadar kuwa garin tawadar makaranta ce mai ruwan makuba, ya dama ta da kauri. Da ya ɗaga takardar farko, ga jirgin ƙasa da hayaƙinsa, ga Bakin Dogo a sama da manyan baƙaƙe. Yaron da komai nasa ya ƙone ya ɗauko takarda ta biyu ya shimfiɗa.

Na ce zan fita in duba lambatu. Na daɗe a waje.

Takarda kuwa Jibirilla ne. Ya bi rumfunan 'yan goro da teloli da masu shago, bai sayi ko ɗaya ba, ya dawo da ɗauri a ka. Wata fara, wata ruwan ƙasa, wata da tambarin kamfani a baya. Asta ta sa aka yanke su tsawo ɗaya da wuƙar Inno. Ban san a wane layi ake rubuta makin iya roƙo ba, amma babu mujalla ba tare da shi ba.

Talata, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Gardama ta tashi yau har na ji tsoron za a fasa farantin.

Ɓoɓɓo ya rubuta labarin gobarar, ya kuma faɗi wanda ya sa wutar. Asta ta ja layi a kan wurin. Ya ce kowa ya sani. Ta tambaye shi ko ya gani da idonsa. Ya ce a'a, amma ɗakinsa ne ya ƙone, ba nata ba. Ta ce gaskiya ne, don haka ya rubuta ɗakinsa, da akwatinsa, da tsohuwar da ya goya ya fitar, da waɗanda suka kawo ruwa, wannan ba mai iya ƙaryata shi. Ya ce tsoro take ji. Ta ce tana ji, amma ba shi ya sa ta ja layin ba, ta bi unguwa ta ji magana iri uku, kowane mai faɗa ji ya yi daga wani.

Suka juyo gare ni su biyu. Na ce ni kujera ce.

Ɓoɓɓo ya fita cikin ruwa. Da ya dawo ya zauna ya sake rubutawa. Na karanta ta gefen ido. Faransancin na ɗingishi kamar kullum, amma wurin tsohuwar, da take ce masa ya koma ya ɗauko mata kazarta, ban iya ƙarasa shi a zama ɗaya ba.

Shekara uku ina faɗin abu ɗaya a aji, ban san ko yana shiga ba. Ashe yana shiga.

Alhamis, 16 ga Yuni, da safe

Labarin famfo ya tafi da takardun da aka kwashe, ba wanda ke da kwafi. Na ɗauka za su tsallake shi. Yau da asuba na fito masallaci sai ga Jibirilla zaune a kan bulo a bakin famfo, cikin mata, da littafi a gwiwa. Ashe shi ya riƙa raka mai labarin wancan karon, yana riƙe masa lema yana zuba. Yanzu yana bin matan ɗaya-ɗaya yana sake tambaya. Na bi ta bayan masallaci don kada ya gan ni.

Asabar, 18 ga Yuni, azahar

Jibirilla ya kawo labarin. Kuskuren rubutu kamar tsakuwa a shinkafa, Asta ta mayar masa sau biyu. Bai kai na farko ba, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma akwai abin da na farko bai da shi: ya bar matan sun yi magana da bakinsu.

A ƙarƙashin kan labarin ya rubuta suna biyu, nasa da na mai labarin farko. Wani ya ce a cire ɗaya, za a jawo wa kowa. Aka yi ta ja. Na shirya za su zo gare ni, na kuma shirya abin da ba zan ce ba. Sai Asta ta tashi ta wuce ni ta shiga cikin gida, ta durƙusa a gaban Inno a madafa ta faɗa mata yadda ake ciki, ta ce in ba ta so ba za a sa ba.

Na ji amsar daga zaure, da kunnen dama.

"Sunan da ubansa ya raɗa masa ne, ba na sata ba. Ku rubuta shi da kyau."

Litinin, 20 ga Yuni, bayan magariba

Sali ya zo. Shi ne falken da ke kawo wa Alhaji Wakili goro daga Kumba, can hayin kogin Mungo, ƙasar Ingilishi. Asta ce ta rako shi har ƙofa ta koma. Ya zauna ya sha ruwa, ya yi zancen tsadar goro da lalacewar hanya har na fara gajiya. Can ya ce wani saurayi a kasuwar Kumba, mai rubuta wa 'yan shaguna alluna, ya ce in ya zo unguwarmu New Bell ya gaida Inna, ya gaida Baffa. Lafiyarsa ƙalau, sai dai ya rame. Kuma wai yana tambaya ko mujalla ta fito.

Inno ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji tana ta hamdala, tana wani abin kuma.

Ni na raka Sali har bakin titi, na yi masa godiya kamar yadda ya kamata.

Talata, 21 ga Yuni, da asuba

Wai ko mujalla ta fito.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan azahar

Da wane inji za ta fito? Mutum takwas sun yi wata biyu suna buga takardun kaki harafi-harafi, an zuba su a mota kamar shara. Direkta ba ya barci. Ɓoɓɓo na dafa kofato. Shi yana can yana rubuta alluna yana aiko tambaya.

Ban ce abin da ya gaskata ƙarya ne ba. Ni ma a bakin lambatun nan nake kwana. Amma injin da ya buga wa 'yan gwagwarmaya takardu da shi a ɓoye ba nasa ba ne shi kaɗai, ba nawa ba ne ma. Da ya tambayi 'yan ajinsa, wataƙila da sun yarda, wataƙila da sun ƙi. Bai tambaya ba. Edita ne.

Yau Inno kwano uku ta zuba, nawa da nata da na Ɓoɓɓo. Tana waƙa a madafa.

Asabar, 25 ga Yuni, da yamma

An gama. Shafi goma sha shida, an ɗinke da zaren teloli. Kwafi talatin da 'yan kai, na ƙarshe-ƙarshen sun dusashe sai an kai su bakin taga. Hannun kowa ya rine, har Inno da ba ta taɓa komai ba sai farantinta.

Na zauna da makin kowa tun bayan azahar. Na takwas bai ba ni wuya ba, a gabana aka yi komai. Na tara ne.

In hannu zan auna da alƙalami, sha tara ne, ban taɓa ba kowa haka ba. Yanka takarda, jera shafi, ajiye gefe, duk da na ga suna yi a zaure, rabinsa a wurinsa suka gani kafin su gani a wurina. Amma tun ranar farko na gaya musu mujalla ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma wanda aka ba amanar aikin jama'a, da ita za a auna shi kafin a dubi kyan rubutunsa. In na ba shi sha tara, na ce wa Asta abin da ta yi ba komai ba ne. In na kayar da shi, na yi ƙarya a kan wata takwas na aikin da ba a taɓa yin irinsa a ajina ba.

Na rubuta, na soke, na rubuta. Da ɗan wani ne da tuni na gama. Na tambayi kaina nawa zan ba ɗan wani, shi na rubuta.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Yau aka yi. Na sa farar rigata.

Pa Dikonge ya zo da sandarsa da tabaransa mai ɗaure da zare. Direkta ya riga ya gaya masa babu mujalla bana, sai ga Asta ta ajiye masa ita a gaba. Ya ɗaga, ya juya, ya kai hanci. Ya tambaya cikin Pijin ɗinsa ko miya aka buga ta da ita. Ɓoɓɓo ya yi masa bayani tun daga kofato. Tsohon ya ce shi ma da irin wannan ya fara, zamanin Jamus, bai zaci zai sake gani ba kafin ya mutu. Bai bar shi haka ba, ya tambaye shi me ya sa shafi na tara ya fi sauran dusashewa. Ya ce ranar an yi rana, danƙon ya yi laushi, ya kamata ya jira yamma, gaggawa ce ta ci shi. Pa ya gyaɗa kai.

Ya tambayi Jibirilla ta yaya ya san mata na kaiwa hantsi a layi. Ya ce ya zauna da su har aka fara aikensa ɗaukar tulu. Aka yi dariya, har direkta.

Asta ya fi daɗewa a kanta. Ya karanta labarin gobara har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce bai ga wanda ya sa wutar ba. Ta ce su ma ba su gani ba. Ya ce mai karatu zai so ya sani. Ta ce, "Mu ma muna so, Pa. Ranar da muka sani za mu rubuta." Ya dube ni ta saman kanta. Na dubi allo.

Sannan na miƙe na karanta maki, kamar kowace shekara, a gaban kowa. Asta sha bakwai. Ɓoɓɓo sha biyar. Jibirilla sha ɗaya, ya yi tsalle kamar an ba shi doki. Na bi sauran. Da na kai na takwas direkta ya fara tattara takardunsa.

Na ce, "Salmanu Bilya, sha biyu."

Direkta ya ce, a hankali, babu mai wannan suna a ajin nan.

Na ce yana shafi na huɗu.

Pa Dikonge ya buɗe shafi na huɗu, ya bi sunan da yatsa. Ya tambayi inda yaron yake. Na ce ya yi tafiya. Ya jawo takardar makin ya sa hannu a ƙasan duka taran, ya busa tawadar, ya tura wa direkta.

Juma'a, 1 ga Yuli, bayan masallaci

Direkta ya sa hannu a takardun shaida takwas, da makin da na bayar, bai taɓa ko ɗaya ba. Ta taran ya ce ba zai iya ba, kuma na san ba zai iya ba. Ya ce baɗi babu ajin mujalla, zan koma koyar da nahawu a ƙananan azuzuwa har ƙura ta lafa. Ya faɗa yana kallon tebur. Na ce na karɓa. Da zan fita ya tambaya ko akwai sauran kwafi, yana son ɗaya ya kai gida.

Pa ya ɗauki Ɓoɓɓo, Litinin zai fara a Bali. Asta kuwa ya ce bai taɓa sa mace a maɗaba'arsa ba, zai yi tunani. Ta ce masa ya yi tunanin, akwai kuskure biyu a allon ƙofar shagonsa, in ta zo za ta nuna masa. Alhaji Wakili ya aiko mini da ƙwaryar goro, ya sa an karanta masa mujallar a rumfa tun daga bango har bango.

Inno ta tambayi nawa na ba yaronta. Na faɗa. Ta tambayi nawa na ba Asta. Na faɗa. Ta ce ita ba ta san boko ba, amma ta san rowa in ta gan ta.

Lahadi, 3 ga Yuli, da hantsi

Sali zai koma Kumba yau. Inno ta ɗaure masa dambun nama da yaji da wata riga. Ni na zaɓi kwafin da ya fi fitowa, na naɗe shi a ganyen goro don ruwa, na sa a ƙasan huhunsa.

Ya ce ko akwai saƙon baki. Na ce ya ce masa ta fito. Ya kuma ce masa Baffansa ya ce sha biyu.

Sali ya tsaya da igiya a hannu. "Sha biyun me, Malam? Goro?"

Na ce ya faɗa masa haka kawai, zai gane. Zai ji haushi, zai ce an cuce shi, wataƙila ma ya juya masa baya.

"Ka dai tsaya ka dubi fuskarsa da kyau," na ce. "In ka dawo ka zo ka ba ni labari, kada ka rage komai."